Ranar da Bakoji Ya Ja Ayari

Ko ba ka taɓa ganin Bakoji ba, in dai ka taɓa zama a tashar Birnin Gwari ka ji shi, don muryarsa kan riga shi isa wuri. Direba ne, shekararsa ashirin da biyu a kan hanya. In ya zauna a teburin mai shayi ya buɗe baki, sai ka rantse shi ya shimfiɗa kwaltar Kaduna da hannunsa. Shi ne ya taɓa haye kogi da giyar baya. Shi ne ya taɓa kawo bas daga Funtuwa da taya uku, fasinjoji na barci ba wanda ya sani. Abin da bai taɓa sakawa cikin labarinsa ba shi ne, tun da aka fara tafiya a ayari shi ne na ƙarshe.

Ga yadda abin yake. Tun da daji ya lalace, ba mai shiga hanyar Kutemeshi shi kaɗai ranar kasuwa. Motoci kan taru a tasha, su jeru, su tafi tare. Ta gaba ita ce ta jagora, ana ɗaura mata jar tuta a madubi. Waya ba ta kamawa a dajin nan, saboda haka motar jagora ce ke magana da na baya. In tana tafiya daidai, lafiya lau. In ta zabura da gudu, jagora ya hango wani abu a gefen hanya ke nan, kowa ya taka iya ƙarfinsa. In kuwa ta tsaya cak ta kunna siginoni huɗu, to an tare gaba, ba tambaya ba shawara, kowa ya bar mota ya faɗa ciyawa ya kwanta. Wannan ba abin wasa ba ne, akwai mutane da yawa a garin nan da ƙa'idar nan ta tsirar.

Baba Mamuda ne ya riƙe tutar shekara tara. Da idanunsa suka fara yi masa gardama sai ya tara direbobi ya ce ya gaji. Duk mai so ya fito, a ba shi gaba na rana ɗaya. In ya kai ayari Kutemeshi lafiya, tuta tasa ce.

Bakoji ya daɗe yana son tutar nan, son da ya fi ƙarfin cika bakinsa. Tsohuwar bas ɗinsa ce ta hana shi. Sai an tura take tashi, in ta tashi kuma hayaƙinta ya isa ya kori sauro daga unguwa guda, shi ya sa direbobi suka haɗa baki suka mayar da shi baya. Shekara da shekaru yana kallon bayan motocin mutane, kuma abin yana cinsa a rai ƙwarai. Don haka bai yi shawara da kowa ba, ya sayar da bas, ya haɗa da fadamar da ya gada, ya nufi Kaduna. Bayan kwana biyu sai ga shi da wata doguwar mota fara sol, sabuwa fil, ledar kujeru ma ba a cire ba. Irin masu canza giya da kansu ce, ta wani kamfani mai sunan da ke karya harshe.

Matarsa Huseina na bakin ƙofa tana tsince shinkafa ya iso. Ya sauke gilashi da ɗan yatsa ɗaya.

"Buɗe ƙofar gida gaba ɗaya, Huseina. Jagora ya dawo."

"Wannan ita ce fadamar tamu?"

"Wannan ta fi fadama. Tunani take yi. Akwai ƙwaƙwalwa a cikinta da ta fi ta mutum goma."

"To Allah Ya sa ta ba ka aron kaɗan."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya taka totur don ya shiga gida. Mota ta yi shiru. Ya sake takawa, ko motsi. Ya leƙa ƙasa ya ga ko ƙafarsa ta yi kuskuren wuri, ya danna har ƙasa. Sai motar ta yi wani gurnani ta yi tsalle, ta shige tsakar gida, ta ɗauke igiyar shanya da kayan da ke kanta, ta tsaya da hancinta cikin akurkin kaji. Kaji suka watse, ɗaya ta haye katanga ta shiga gidan maƙwabta.

Bakoji ya fito da zanen Huseina a rataye a madubi.

"Kin ga ƙarfi?"

"Na ga akurkina."

"Ba ta saba da gidan ba ne."

"Kajin ma ba su saba da ita ba, Malam."

Washegari ya kai ta tasha. Direbobi suka kewaye ta, wannan ya shafa, wancan ya leƙa. Bakoji ya hau bayani. Ba kuloci, ba jan giya, ba wahala. Allon da ke gaba ya san inda kake, ya san inda za ka. In ta ga abu a gabanta da kanta take taka birki. Aka ce to ya ɗan zagaya da ita a gani. Ya shiga, ya gyara hula, ya taka. Shiru. Wani ya ce ko a tura. Aka yi dariya, dariyar ba ta gama fita ba motar ta zabura, ta nufi teburin mai shayi. Mutum shida suka tashi daga benci lokaci ɗaya, bencin ya ɗaga, na bakwai da ke ƙarshensa ya zube da kofinsa. Saura taki ɗaya ta taka birki da kanta, ta kunna siginoni huɗu tana ƙyafta su.

"Kun gani?" in ji Bakoji, gumi na bin wuyansa. "Da gangan na yi, don ku ga birkin."

Mai shayi ya ce ya gani, kuma in za a sake gwadawa a gaya masa ya kwashe ƙwai.

Nathaniel bakanike bai yi dariya ba. Shi ne ke bin ayari a motar ƙarshe da akwatin kayan aikinsa, kuma ba motar da ke tashar nan da bai kwana ƙarƙashinta ba. Ya ja Bakoji gefe, ya nuna masa wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ta kunnu a allon.

"Oga, wannan ba ado ba ce. Irin motocin nan, ba waya tsakanin ƙafarka da inji. In ka taka, ƙwaƙwalwar ce ke ji, sannan ta gaya wa inji. Ta wannan zubin tana da matsala, wani sa'i ta yi jinkiri, wani sa'i ta ba da wuta fiye da yadda ka nema. Kamfanin ma ya sani. Ka mayar Kaduna su sa mata sabuwar manhaja, aikin kwana biyu ne, kyauta."

"Kwana biyu? Jibi ne gwajina."

"Sai ka ce a ɗaga zuwa wani mako."

"In je in ce wa Baba Mamuda sabuwar motata ba ta da lafiya? A gaban waɗannan?" Ya dafa kafaɗar Nathaniel. "Injiniya, kai ƙarfe ka sani, ni hali na sani. Mota kamar doki take. Kwana ɗaya ya ishe ni in hore ta."

"Doki yana jin bulala, Oga. Wannan ba ta ji."

Horon da ya yi mata a filin makaranta ya ɗauki yini guda. Da yamma ya dawo gida ya ce ya gano sirrinta. In ka taka, ka ƙirga uku, sai ta tashi. Abin da ake bukata kawai shi ne ka taka tun kafin ka so tafiya. Huseina ta tambaye shi ko kullum ukun ne. Ya ce galibi. Ita kuwa 'yar fitilar, ya yanko baƙin salatif ya manne a kanta, ya ce ta daina damun mutane. Sannan ya aika wa wani maroƙi a Kutemeshi saƙo, ya jira shi a bakin kasuwa da makaɗa, don ba a karɓar tuta shiru kamar an saci akuya.

Ranar kasuwa aka wayi gari da yayyafi, damina ta yi nisa. Mota goma sha ɗaya suka jeru. Baba Mamuda ya ɗaura jar tuta a madubin Bakoji da hannunsa, ya shiga gaba ya zauna a matsayin alƙali. Bakoji ya tsaya yana kallon ƙyallen nan, har sai da ya share ido da gefen hula. Huseina na kujerar baya, don ya dage sai ta zo ta gani da idonta. Bas ɗin da ke biye da su cike take da mata 'yan kasuwa, shugabarsu Hajiya Maiturare, wadda ta sha sabon leshi fari saboda daga kasuwa gidan suna za ta wuce.

Baba Mamuda ya yi addu'a aka shafa. Bakoji ya taka, ya ƙirga uku. Ya ƙirga shida. Na baya suka fara oda.

"Me muke jira?" in ji Baba Mamuda.

"Tana addu'arta ne, Baba."

A na tara ta tashi, kan Baba Mamuda ya bugi kujera.

Har suka bar gari ba wata matsala, Bakoji ya sami baki. Ya gaya wa Baba Mamuda cewa zamanin tsofaffin motoci ya wuce, kuma in ya karɓi tuta zai rage wa ayari rabin sa'a. Kwalta ta ƙare, aka shiga hanyar ƙasa, dogayen itatuwa suka rufe sama, hira ta mutu a duk motocin kamar yadda takan mutu a wurin nan. Hanyar ta tsuke, sawun mota ɗaya tak, hagu da dama taɓo da gamba.

Sai ga wani rami cike da ruwa. Bakoji ya rage gudu ya lallaɓa ya wuce, ya taka don ya ci gaba. Shiru. Ya tuna da bas ɗinsa, wadda in ta yi nauyi sai an yi ta famfa mata totur, ya shiga famfawa, ya taka ya saki, ya taka ya saki, ya danne. Ƙwaƙwalwa ta tattara duk abin da aka gaya mata ta biya shi gaba ɗaya. Mota ta yi ƙara ta cilla.

Direban bas ya ga tuta ta zabura. Bai tsaya tunani ba, ya taka. Na bayansa ya taka. Mota goma suka kwasa da gudu a kan hanyar da ko keke sai ya lallaɓa. Buhun barkono ya faɗo daga saman wata, ta baya ta bi ta kansa. Mata na salati, wani bunsuru da aka ɗaure a bayan a-kori-kura yana ihu kamar ana yanka shi.

"Me ka gani?" Baba Mamuda ya riƙe ƙofa da hannu biyu.

"Ban ga komai ba!"

"To gudun me kake yi?"

"Ba ni ba ne, ita ce!"

"Malam, ƙirga mata uku!" in ji Huseina daga ƙasan kujera.

Gaba kaɗan ruwan sama ya kwantar da gamba ta rusuno kan hanya. Kowane direba ya san gamba, ratsa ta ake yi a wuce. Motar Bakoji ba ta taɓa ganin gamba ba. Ta ɗauka katanga ce, ta ƙanƙame birki, ta tsaya cak, ta kunna siginoni huɗu. Sannan ta yi ƙit, ta kulle ƙofofinta duka.

Abin da ya biyo baya bai kai minti ɗaya ba. Mota goma suka tsaya, ƙofofi suka buɗe, mutum sama da ɗari suka watsu cikin ciyawa. Tsofaffin da suka hau mota da ƙyar suka dira kamar samari. Hajiya Maiturare ta faɗa taɓo da cikinta, leshi da komai. Daji ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙyaf-ƙyaf ɗin sigina da kukan bunsuru.

A cikin mota Baba Mamuda na jan marfin ƙofa.

"Buɗe in gaya musu ba komai!"

"Ina neman maɓallin, Baba."

Ya danna wani, abin share gilashi ya kama aiki. Ya danna wani, rediyo ya kama. Ya danna na uku, kujerar Baba Mamuda ta kwanta da shi a hankali har yana kallon rufi.

Kusan kwatan awa mutane na kwance. Daga nan Nathaniel ya taso daga can ƙarshen ayari, yana jan ciki cikin taɓo, sifana a hannu, har ya iso gindin farar mota. Ya ƙwanƙwasa ƙofa daga ƙasa. Bakoji ya dace da maɓallin gilashi.

"Su nawa ne?" Nathaniel ya tambaya da raɗa.

"Su wa?"

"Mutanen dajin!"

Bakoji ya nuna gaba da yatsa. "Injiniya, gamba ce."

Nathaniel ya leƙa gaban motar ya gani da idonsa. Sannan ya miƙe tsaye ya ɗaga murya ya ce kowa ya fito, gamba ce.

Hajiya Maiturare ce ta fara isowa. In ba don ɗankwalinta ba ba mai cewa leshin nan fari ne da safe. Ta inda take shiga ba ta nan take fita ba.

"Bakoji! Ni ka kwantar a taɓo saboda ciyawa? Da jikokina? Na yi kalmar shahada sau nawa ka sani?"

"Hajiya, ai lada kika samu."

"Fito in ba ka naka ladan!"

Wannan karon bai yi saurin neman maɓallin ƙofa ba. Da Nathaniel ya miƙa hannu ta taga ya buɗe, sai da direbobi uku suka shiga tsakani. Baba Mamuda ya fito yana dafe da ƙugu, ya dubi rana, ya dubi daji. Ya ce faɗa ya jira Kutemeshi, nan ba wurin tsayuwa ba ne, kowa ya san haka. Dariyar da ta fara tashi ta koma ciki.

Bakoji ya shiga ya taka. Allon ya cika da rubutu da fitilu, har wadda ke ƙarƙashin salatif tana haskowa ta gefe. Motar ta ce ba ta san zance ba.

"Kar ka taɓa komai, Oga," in ji Nathaniel. "A kashe ta a ba ta minti biyar."

"Minti biyar a dajin nan? Na san maganinta. Bas ɗina in ta yi haka, kan batir nake cirewa in mayar, ta farka."

"Oga, wannan ba bas ba ce!"

Kafin a riƙe shi ya buɗe bonet, ya fizge sifana daga hannun Nathaniel, ya kwance kan batir inji na kunne. Wani abu ya yi tartsatsi. Ya mayar, ya goge hannu a riga, ya koma ya danna maɓallin tayarwa yana murmushi. Allon ya yi baƙi ƙirin. Ya sake dannawa. Ko rediyon ma ya yi shiru.

"Yanzu nawa za mu ƙirga?" in ji Huseina.

Ga mota ta toshe hanya, ba ta gaba ba ta baya. Ba motar da za ta iya ratsa taɓo ta wuce gaba ta ja ta. Aka gwada turi, maza goma sha biyu, santsi ya zubar da takwas. Nathaniel ya ɓalle wani ɗan murfi kusa da giya da sukudireba ya sa ta a firi don ta iya gangarawa, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan, sauran sai Kaduna. Kutemeshi kuwa saura tafiya mai ɗan nisa.

Can sai aka ji ƙarar ƙararrawa. Wani manomi ne mai suna Salim ya fito daga gonarsa da shanun huɗa biyu, zai koma ƙauye. Ya tsaya yana kallon mutum ɗari masu taɓo har kunne. Baba Mamuda ya yi masa sallama ya gaya masa bukata. Salim ya zagaya motar sau ɗaya.

"Sabuwa ce?"

"Fil," in ji Bakoji, don bakinsa bai san an yi asara ba.

Salim ya dafa ɗaya daga cikin shanun. "To Jatau zai iya. Shi in an ce tafi, tafiya yake yi."

Aka ɗaura igiya. Salim ya yi wa shanu magana sau ɗaya, suka ja, mota ta biyo. Bakoji na ciki yana kokawa da sitiyarin da ya yi tauri kamar turmi. Mota goma suka jeru a baya da giya ta ɗaya. Ba zabura, ba tsayawa, in Jatau ya ga gamba sai ya kai mata baki ya wuce. Baba Mamuda bai koma cikin motar ba, ya ce ƙugunsa ya fi son ƙasa, ya bi gefen shanun a ƙafa.

Sun yi 'yar tafiya sai tsohon ya dawo wajen tagar Bakoji. Ya sa hannu ya fara kwance tutar daga madubi.

"Baba," in ji Bakoji, muryarsa ta yi ƙasa yadda ba a taɓa ji ba. "Ai ni ne a gaba. Ka duba, duk suna bayana."

"Na duba. Na baya suna karanta na gaba ne, Bakoji, da ransu a hannu. Yau ka yi musu ƙarya sau biyu. Ba motar ce ta manna salatif ba."

Ya wuce gaba ya ɗaura ƙyallen a ƙahon Jatau, ya ƙulle sosai.

Azahar ta gota kafin su shiga Kutemeshi, masu kayan gwari har sun fara naɗe buhuna. Maroƙin nan yana nan bakin kasuwa da makaɗansa tun hantsi, yunwa ta ci su. An gaya masa abu ɗaya, ya wasa mai jar tuta. Da ya hango ja na tahowa sai ya daka wa makaɗa tsawa, kalangu ya tashi, kasuwa ta juyo gaba ɗaya. Ya taho da gudu yana kirari, ga na gaba mai gaba, ga wanda daji ke ba hanya. Da ya matso ya ga inda tutar take, ya ɗan yi turus. Ya dubi san, ya dubi Bakoji a bayan gilashi. Mutum ne da ya san aikinsa, kuma an riga an sallame shi, saboda haka ya gyara murya ya ci gaba da wasa Jatau, har da iyayensa da kakanninsa.

Kasuwa ta kece da dariya. Hajiya Maiturare ta sauko daga bas da leshinta mai taɓo, ta kwance bakin zane ta manna wa san kuɗi a goshi. Sauran mata suka yi guɗa.

Bakoji bai fito ba. Yana zaune riƙe da sitiyari, tutar da ya yi shekaru yana mafarki tana kaɗawa taki huɗu a gabansa, tsakaninsa da ita bayan shanu biyu. Huseina ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Tausayinsa ya kama ta, ta matso ta dafa kujerarsa.

"Malam, fito mu nemi abinci."

"Ƙofar ta sake kullewa," in ji shi.

Ta gwada tata, ta buɗe ba wuya. Ta gwada tasa daga waje, ita ma ta buɗe. Ta dube shi, ya kawar da kai, sai ta mayar da ƙofar a hankali ta rufe masa, ta tafi sayo masa waina.